Kwalekwale a Gonar Wake

Duk Azare ba wanda ya kai Malam Saleh mai banda raina manomi. Shekara ashirin da 'yan kai yana cin tuwon geronsu, amma in ya buɗe baki a rumfarsa ta kasuwa sai ka rantse ƙasa ta taɓa yi masa laifi. "Masu tonon ƙasa" yake kiran su, alhali su ne masu sayen kifinsa.

Shi mutumin Tumbun Gana ne, wani ƙauyen masunta a bakin Tafkin Chadi, kuma ba a gama ciniki da shi sai an sha tarihin garin. Kakanninsa ne suka kafa shi a kan tudu ɗaya tilo, ruwa gabas, ruwa arewa, iya ganinka. A kwalekwale ake kai amarya, a kwalekwale ake zuwa ta'aziyya. Mutanen Katagum sai su gyaɗa kai, su ce ya ƙara musu gyara.

Hujjarsa tana tsakar gida: kwalekwalen mahaifinsa, wanda ya ɗoro a motar kifi shekarar da kamu ya ja baya ya baro gida. Matarsa Meram na shanya kuɓewa a kai, kaji na ƙwai a ciki, duk bai damu ba. Amma ranar da ta ce a faskara shi a yi girki, Saleh ya wuni bai ci abincinta ba.

Yana da dalili. Yana saurayi jirgin nan ya dawo gaɓa shi kaɗai, iska ta jefa mahaifin cikin ruwa a wani wuri da ake kira Zurfin Dorina. Ba gawa, ba kabari. Al'adar garin kuwa, babban ɗa ke tuƙa jirgin mamacin zuwa inda ruwa ya ci shi, ya yi masa addu'a a can. Saleh ya yi ta sai gobe, sai jibi, har furfura ta cim masa a Azare, abin na cin sa a rai.

A 2006, da ya tashi daga wata jinyar ƙirji, ya ga wasa ya ƙare. Ya liƙe jirgin da kwalta, ya samu motar da za ta koma ɗaukar kifi, aka ɗora. Rabin unguwa suka fito kallo.

A Tumbun Gana ƙanensa Talha ne ya tarbe shi. Shi ne Sarkin Ruwan garin yanzu, ya iso a babur, fartanya rataye a kafaɗa.

"Yaya, wannan kayan fa?"

"Na zo sauke nauyin Baba. Ina gaɓar take?"

"Gaɓa? Ai ta yi gaba tuntuni. Sai ka wuni a babur kafin ka tarar da ita."

"To, Zurfin Dorina fa?"

Talha ya kafe babur ɗin. "Zo mu taka, ba nisa."

Suka bi kunya-kunya da ƙafa, har Talha ya tsaya a tsakiyar wata gona koriya shar.

"Nan ne. Duk yankin nan ba inda ke yin wake kamarsa. Buhun da nake aiko maka kowace kaka, ai daga nan yake fitowa."

Saleh ya dubi gonar. Ya tuna alalar da Meram ke yi da waken nan, da yadda yake neman ƙari yana zagin manoma. Tausayin mahaifinsa ya kama shi, kunya ta rufe shi. Sai ya cire takalmi, ya durƙusa a tsakanin kunyoyi ya yi addu'ar da ya zo yi, hawaye na zuba.

Da ya shafa, ya damƙi ƙasar ya ƙulle a bakin rawaninsa. Kwalekwalen kuwa ya bar wa Talha, a ciki shanun noma ke shan ruwa.