Koren da Clive Ya Wanke

Matso kusa, gyara zama, in ba ka labarin Clive Haddow, mutumin da fatalwa ta hana sakat. Ba ta maƙabarta ba kuwa, ta roba ce, wadda tsawonta bai wuce ɗan yatsa ba.

Clive direban bas ne a garinmu Launceston, a kan sitiyari ya yi furfura har ya ajiye aiki. Ba ya zuwa mashaya, ba ya kallon ƙwallo. Abin da ya sa a gaba shi ne wasanmu na yaƙin tebur. Kowa yakan zo da rundunar 'yan sojojin roba da ya yi wa fenti da hannunsa, a jera su, a jefa ɗan ludo, a gwabza. Duk Lahadi da rana muna haɗuwa a zauren bayan coci, ga shayi, ga tsiran nama a cikin burodi.

Rundunar Clive ta fatalwowi ce, kuma launinsu shi ne abin taƙamarsa: kore mai ɗan shuɗi-shuɗi, yana koɗewa har ya zama fari a bakin mayafi. Yakan ce daga hazon kogin Tamar ya samo shi, lokacin da yake fita da motar farko da sassafe. Mun ji wannan labari har mun haddace, amma dai launin ya yi kyau, ba mai musu.

Muna da al'adu biyu da ba a rubuta ba. Launin da mutum ya fara hawa tebur da shi nasa ne muddin yana riƙe da shi, don kada runduna ta cakuɗe da runduna in an haɗu a tsakiyar fili. Sannan ranar babban wasan shekara, sojan da ba shi da fenti ba ya hawa tebur.

Ana nan sai ga Noelene Pybus, wata mata mai soya kifi da dankali a shagon bakin gada, ta shigo ƙungiya. Ita ma fatalwowi ta kawo. Da ta buɗe akwatinta sai kowa ya juyo yana kallon fatalwowin. Daga ƙasa baƙaƙe ne kamar gawayi, suna hawa suna ja, har kawunansu suka zama ruwan garwashi, irin yadda sama kan yi in daji na cin wuta. Mutane suka watse daga teburin Clive, har wanda suke wasa tare, aka bar shi da ɗan ludo a hannu.

Dougal, shugaban ƙungiyarmu, ya ɗaga murya ya ce, "Tsoho, taso ka ga fatalwar da za ta hana ka barci."

Clive ya taso a hankali, ya leƙa, ya taɓe baki. "Wannan fatalwa ce ko kazar da ta ƙone a gashi?"

Aka yi dariya, ita ma Noelene ta yi. Shi kaɗai ne bai yi ba.

Matarsa Maureen ce ta ba ni labarin abin da ya biyo baya a gida. Ta ce ya zauna ya tasa abinci a gaba yana ta juya cokali.

"Fatalwa ba ta zama ja," in ji shi.

"Ka taɓa ɗaukar ta a bas ne?"

"Kowa ya san ba ta zama ja."

"To ci abincinka, malamin fatalwa, kafin shi ma ya mutu."

Lahadin da ta biyo baya ma haka aka yi, kowa na wajen Noelene yana ɗaukar hoto. Clive ya koma gida, ya kwashe robobin da Maureen ke zuba biskit, ya cika su da maganin wanke ƙasa mai warin asibiti, ya tsoma rundunarsa gaba ɗaya. Fentin shekara da shekaru ya saɓule, ya bi sauran da tsohon buroshin haƙori. Maureen ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Clive, kada garin neman gira ka rasa ido." Ya ce ta jira ta gani, zai kawo launin da zai mayar da na Noelene tamkar tokar murhu.

Ya fara da ruwan hoda mai duhu, fatalwar ta fito kamar wadda aka yi wa duka. Ya wanke. Ya gwada rawaya, Maureen ta ce sai ka ce an tsoma ta a man shanu. Ya wanke. Ruwan azurfa ya yi kyau, ni da kaina na gani na kuma faɗa masa. Ya ɗaga ta a hasken taga ya daɗe yana kallo, sannan ya tambaye ni, "Ta fi ta matar nan?" Na yi ɗan jim, kuma jim ɗin nan ya ishe shi. Fatalwar ta koma cikin robar wanki. Ka ga, ya daina duba ko launi ya yi masa. Da idon Noelene yake kallon komai.

Ranar babban wasa ta zo, Clive ya shigo da akwatinsa, ya buɗe. Fatalwowi ruwan toka tsirara, wasu ma 'yan hannayensu sun karye don yawan wanki. Dougal ya sosa ƙeya ya ce, "Tsoho, ka san al'ada. Kai ka koya mini ita." Clive ya rufe akwati, ya koma wajen murhu yana juya tsiran nama.

Da aka tafi hutun shayi, Noelene ta zo ta tsaya kusa da shi da kofinta.

"Ina korayen naka?"

"Na gaji da su."

"Ka gaji da su?" Ta ajiye kofin. "Ka san saboda su na shigo ƙungiyar nan? Na gan su ranar da kuka baje kaya a ɗakin karatu, na ce irin waɗannan zan yi. Da na zo Dougal ya ce launin yana da mai shi, shi ne na yi jan nan don dole. Ni fa bai taɓa kwanta mini ba, duk yini wuta nake kallo a shago."

Tsiran naman ya soma ƙauri, Clive bai juya shi ba.

Ta ce, "To tunda ka sake shi, in ɗauka? Sai dai na gwada haɗa shi a gida, bai fito ba. Ka nuna mini yadda kake yi."

Dougal da ke kusa ya ce a al'ada dai babu abin da ya hana ta, launin da aka saki na wanda ya riga hawa tebur da shi ne.

Clive ya dube ta, ya dubi akwatinsa. Shi kaɗai ya san haɗin, ita kuma ta fi shi saurin hannu. To kai da kake saurare, in kai ne Clive, za ka zaunar da ita ka koya mata, ko za ka ruga gida ka riga ta?