Ranar da na ɓuya a gonar albasa

Jiya jikata Hauwa'u ta shigo da kakinta, ta ƙame a tsakar gida ta sara mini. Ta gama kwas ɗin masu tsaron makaranta, za a tura ta wata firamare a Goronyo. Don murna ko tuwo na kasa ci.

Na ce, "Mi aka koya muku? Riƙon bulala?"

Ta ce, "Haba tsoho. In yaro ya tsorata, durƙusawa za ka yi daidai tsawonshi, ka tambayi sunanshi, ka lallashe shi."

Sai na tuna zamanin Turawa, da aka kamo mu daga Taloka aka kai mu elemantare. Ɗan dokan da ke tsaron ƙofa ba a koya mishi komai ba sai tsawa. Da ya daka mini ita, na ranta a na kare, na kwanta ruf da ciki a gonar albasa, wai na ɓuya. Ganyen ko kunnena bai rufe ba.

Ya zo ya tsaya a kaina. Bai san yadda ake yi da yaro mai kuka ba, sai ya juya ya tafi. Babana kuwa daɗi ya ji, bai maida ni ba.

Na daɗe ina cika baki na fi ɗan doka wayo. Sai da gemuna ya yi fari na zauna ajin yamma ina koyon haɗa baƙi.

Ku fa, wa ya fara tarbarku a ƙofar makaranta?