Tambayar da na yi a hanyar Manga

Tallan maganin feshi ne ya kai ni Zuru. Na gama da dillalai tun kafin azahar, motar komawa kuma sai washegari. Na tsani zaman ɗakin masauki, don haka na kama hanyar Manga da ƙafa, wai in sha iska in kalli duwatsu.

A bakin wata gonar dawa na tarar da wani dattijo da shanun huɗa biyu, jajaye, sun yi ɓulɓul. Muka gaisa, har ya miƙo mini gyaɗa. Ni ɗan manomi ne, shanu suna burge ni. Na ce, "Baba, naka ne? A gida suke kwana ko a gona?"

Fara'arsa ta ɗauke. Ya juya ya yi magana da yarensu. Wasu mata da ke girbi a gonar suka tsaya cak. Samari biyu suka fito daga cikin dawa, ɗaya riƙe da bindigar toka. Ba wanda ya zage ni. Bin bayana kawai suka yi har cikin gari.

Da na ba mai masaukina labari, ya ce wannan ce tambayar masu kai wa ɓarayin daji rahoto. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni, da furfurata?

Da safe, a hanyar tasha, na hango dattijon yana kora shanun biyu zuwa kasuwa, zai sayar tun ɓarayi ba su zo ba. Ya gan ni sarai, ya kau da kai.