Oga Osita, Mai Koya Mana Kallon Inuwa

Duk Asabar, da rana ta karya, za ka tarar da Oga Osita a kan tsani a tsohon zauren ma'aikatan reluwe na Kafanchan, yana toshe tagogi da buhunan citta. Sai ɗakin ya yi duhu sosai yake saukowa yana haki, ya hure ƙurar injin majiginsa, ya ɗora faifai. Wasu ranakun 'yan kallon ba sa cika benci biyu.

Finafinansa ma ba na marmari ba ne. Tsofaffi ne baƙi-da-fari da ya gada daga kulob ɗin reluwe: ɗan sandan ciki da duniya ta ishe shi, mace mai murmushin yaudara, titi jiƙe da ruwan sama. Ba waƙa, ba rawa, ba wanda ke ƙarewa da dariya. Samari suna neman Indiya da Chanis, shi kuwa kunnen ƙashi gare shi. Sau biyu yake nuna kowane fim, a na biyun ya kashe sauti ɗungurungum.

"Baki yana iya yi ƙarya," yakan ce da Hausarsa ta barikin reluwe. "Ka bar magana, ka duba ina ne haske ya fito, wane ne inuwa ya rufe."

Malama Regina, mai koyar da adabi a sakandare, shaida ce. Bayan rikicin 1987, da 'yan uwansa suka yi ta ɗaure kaya zuwa gida kudu, ta same shi yana jera benci shi kaɗai.

"Oga, wa zai zo yanzu?"

"Malama, ko kai kaɗai ne, zan kunna."

Ya kunna kuwa. Da sauƙi ya samu, ta riƙa kawo ɗalibanta, suka koyi lura da inda aka tsayar da mutum a hoto, da dalilin da zai sa a haska rabin fuska a bar rabi.

Kai ne ka riƙe zauren nan, Oga, har gidajen bidiyo suka kwashe jama'a, jiragen ƙasa suka yi ƙaranci, fayafayan suka fara tsami suna tsinkewa kana liƙawa. Ka gaji, mun sani. Mu ma mun gaji da yi maka alkawarin zuwa.

Abin da ya ɓoye mana shi ne yanar ido. Ya ji tsoron ranar da za a gane, a karɓe injin. A nunin ƙarshe na bana hoton ya fito dishi-dishi, shi kuwa yana tsaye bai sani ba. Malama Regina ta tashi ta gyara gilashin injin da hannunta. Sai ya laluba benci ya zauna cikin ɗalibai.

"To, ku faɗa mini abin da kuna gani."

Wata ɗaliba, Larai, ta ce, "Baba, hasken daga ƙasa yake dukan fuskarta. Kada mutumin nan ya yarda da ita."

Ya gyaɗa kai, ya share ido da bayan hannu.

Mun gode, Oga Osita, Ubangiji ya sāka maka. Ku kuma da ya koya wa kallo, injin yana nan a hannun Malama, tsohon yana gida yana jira. Ku ɗauko shi ranar Asabar, ku ara masa idanunku.