Tafiyata Illela Neman Asalin Sunan Mushe

Juma'a: Kano zuwa Sakkwato

Ana kiran assalatu muka fito daga gida, ni da 'yata Nafisa. Umma, mahaifiyata, ta rako mu har bakin ƙofa da carbi a hannu, ta ce, "Kabiru, in ka sami ko mutum ɗaya daga danginsa, ka ce ina gaisuwa." Ta juya ciki da sauri don kada mu ga idonta.

Bari in faɗa wa mai karatu abin da ya ɗaga ni. Sunana Kabiru Bello Mushe, gyaran firji nake yi a Kano. Wannan suna na ƙarshe ya sha jawo mini dariya tun ina firamare, don kowa ya san mushe dabba ce da ta mutu ba a yanka ba. Mahaifina ya rasu ina yaro ƙarami. Abin da kawai ya bar mana na asalinsa shi ne cewa shi mutumin Illela ne, kuma bai taɓa kai mu can ba. Ni na riga na saba. Amma bana Nafisa za ta zauna jarrabawar gama sakandare, ta dawo rannan ido jawur ta ce ita kam a cire mata sunan kafin a buga shi a takardar da za ta bi ta har tsufa. Na ce na yarda, amma sai mun je mun ji daga ina ya fito.

A tasha mai rubuta sunayen fasinja ya ɗago kai ya ce, "Mushe fa ka ce, Alhaji? To Allah ya sa dai mu isa da rai." 'Yan mota suka kwashe da dariya. Nafisa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Motarmu Sharon ce, direban dattijo ne ba mai gudu ba. Muka bi ta Gwarzo da Malumfashi, muka karya da waina da shayi a Funtuwa. Daga Tsafe zuwa Gusau hira ta mutu a motar, kowa na jan carbi, don an san halin hanyar. Shingayen sojoji muka yi ta wucewa, suna leƙowa suna cewa a sauka lafiya. A Gusau muka tsaya aka yi salla, muka ci shinkafa da wake. Muka wuce Talatar Mafara rana ta karkata, muka shiga Sakkwato gab da magariba. Wani abokin sana'ata da muka yi koyon aiki tare shi ya sauke mu, iyalinsa suka karɓi Nafisa kamar sun san ta tun da.

Asabar: Sakkwato zuwa Illela

Da hantsi muka hau ƙaramar Golf mai zuwa iyaka. An cusa mu ciki tare da katan-katan na taliya da wata tunkiya a but. Hanyar ta ratsa Kware da Gwadabawa, gefe da gefe rumbunan albasa na kara jere kamar ƙananan bukkoki. Shingaye sun fi na jiya yawa: 'yan sanda, kwastan, jami'an shige da fice. A na ƙarshe aka ce kowa ya nuna katin shaida, na miƙa nawa ta hannun direba. Da aka dawo da shi sai ya tsaya yana dubawa.

Ya ce, "Mushe? Kai ɗan Gidan Mushe na?"

Na shirya jin dariya, sai na ga babu alamarta a fuskarsa. Na ce, "Akwai gida mai wannan sunan?"

"Wa bai san shi ba? Nan bayan kasuwar kara ta dabbobi yake. Ɗiyana biyu can suka karatu wurin Malam Shehu. In mun sauka kak ka hau kabu-kabu, ni za ni kai ku."

Nafisa ta dube ni, na dube ta. Tun da aka haife ta ba ta taɓa jin an faɗi sunan nan ba tare da murmushin ƙeta ba. Kuma ba yadda muke faɗinsa ya faɗe shi ba.

Gidan na ƙasa ne mai faffaɗan zaure, an yi wa gabansa ajujuwa biyu na bulo. Malam Shehu ya fito, mutum ne dogo mai furfura a gemu, zai girme ni kaɗan. Na gaishe shi, na ce ni ɗan Bello Mushe ne daga Kano. Ya kalle ni daga hula har takalmi, sannan ya kama hannuna da hannu biyu.

"Kawu Bello? Lalle ga goshin nan. Ashe ina da tobashi a Kano ban sani ba! Ku shigo, ku shigo. Inna tana ciki."

Innar tasa ita ce Goggo Kulu, yayar mahaifina uwa ɗaya uba ɗaya. Mun same ta zaune a kan tabarma ƙarƙashin dalbejiya tana tsinkar zogale. Ta tsufa ƙwarai, amma muryarta garau. Da Malam Shehu ya faɗa mata ko su wane ne, ta ture faifan gefe, ta jawo kaina tana shafa fuskata, tana kiran sunan Allah. Ta rungume Nafisa. Sannan ta leƙa bayanmu, wajen ƙofa.

Ta ce, "To shi ina yake? Har yanzu hushin bai wuce ba? Mi ya hana shi tahowa da ku?"

Duk tsawon hanyar nan ban taɓa kawo wannan a raina ba. Na zo tambayar suna, ashe saƙon mutuwa na ɗauko, wanda ya makara shekara talatin da ɗoriya. Na durƙusa na ce, "Goggo, sai haƙuri. Baba ya rasu tun ina yaro. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki. Umma ba ta san kowa a nan ba, ba ta san inda za ta aika ba."

Ba ta yi kururuwa ba. Ta yi salati, ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan zanenta. Can ta ce, "Duk salla sai na roƙa mai lahiya. Ashe gafara ya kamata in roƙa mai." Ta tambaya ko ya samu salla da jama'a, na ce masallacin unguwa bai ɗauki mutane ba ranar. Ta ce, "Alhamdu lillahi. To ya isa."

Aka kawo mana fura mai sanyi da tuwon gero miyar kuka. Ranar ban ƙara ta da zancen suna ba.

Lahadi: Illela

Lahadi ce ranar kasuwar Illela. Tun safe garin ya cika da raƙuma da shanu da manyan motocin albasa, 'yan canji na kiran sefa a bakin titi, mutanen Konni, garin Nijar da ke tsallaken iyaka, na shigowa da dogon burodinsu a ɗaure bayan babur. Amma a Gidan Mushe zaman makoki aka yi. Goggo ta ce ɗan'uwanta ba zai tafi ba a karɓi gaisuwarsa a gidan ubansa ba. Aka shimfiɗa tabarmi a zaure, aka dama gumba. Tsofaffin da suka yi wasan ƙasa da shi suka zo suna dogara sanda, suna yi mini ta'aziyya kamar jiya aka binne shi. Wani ya ce Bello ne ya koya masa hawan keke. Ni da na girma ban san wani namiji da zai ce mini "ubanka ya yi kaza" ba, ranar na ji har na ƙoshi.

Bayan la'asar Goggo da kanta ta aiko a kira mu. Ta dubi Nafisa ta ce, "Ƙawata, an ce sunan kakanku ya ishe ki. Faɗi shi in ji."

Nafisa ta faɗa a hankali.

"A'a! Wanga ai na jaki na. Shi ake ja, a kai shi sama. Namu gajere na, ka fara ƙasa, ƙarshen ya hau ya sauko." Ta faɗe shi sau biyu, Nafisa na maimaitawa. Sai na tuna haka Baba yake faɗi, mu kuwa muka ɗauka Sakkwatanci ne kawai.

Ga labarin yadda ta ba mu. Kakansu ita da Baba, Malam Ummaru, malamin allo ne a wannan zauren. Wata shekara da abinci ya yi wuya ya aika ɗansa Alhassan, wanda ya haifi su Baba, wurin kawunsa a Konni. Lokacin Faransawa na karɓar yara daga kowace unguwa suna sa su lakwal, wato makarantar boko. Kawun ya ɓoye nasa ɗan, ya miƙa Alhassan. Yaro ya yi karatu har ya zama mai koyarwa. A can kuwa duk malamin boko Mushe ake ce masa, daga kalmar da Faransawa ke kiran namiji da ita don girmamawa.

"Da ya dawo gida da wando da allin rubutu," in ji Goggo, "kakanmu ya ƙi cin abinci da shi. Mutanen gari kuma sunka juya sunan, suna jan shi irin yadda kuke ja, wai wanda ya yi karatun Nasara ai ya mutu ba yanka. Kin ga ba ke anka fara yi wa dariya ba."

Haka ya zauna a gefe, yana noma, ba ya tanka wa kowa. Sai wata rana aka tsare ayarin fataken Illela a Konni, da jakunansu da goronsu, aka kulle su a kan wata takarda da ba wanda ya iya karantawa. Cikinsu har da wan Alhassan. Alhassan ya hau keke ya tafi, ya tsaya gaban kumandan Faransawa ya yi bayani da harshensu, kafin rana ta faɗi ya taho da mutanen duka da kayansu.

"Da magariba kakanmu ya sa anka kawo akushi zaure, gaban jama'a. Ya ce, 'Mushe, matso mu ci.' Ya faɗe shi daidai, irin na Konni. Daga ranan ba wanda ya sake jan shi."

Malam Ummaru ya ba shi fili a gefen zaure ya kafa rumfa. Da safe allo, da yamma boko, har da 'ya'ya mata. Goggo ta ɗaga yatsu ta ƙirga mana da Faransanci har goma, tana dariya da sauran hawaye a ido. Bayan rasuwar Alhassan ne wasu daga cikin dangi suka rushe rumfar suka sayar da filin. Mahaifina yana saurayi mai zafin zuciya, ya yi rantsuwa ya bar garin. Waɗanda suka yi abin duk sun mutu. Malam Shehu ne ya sake sayen filin, ajujuwan nan biyu a kansa suke.

Na tambayi Malam Shehu ko mu da yawa ne masu sunan. Ya ce a tsallaken iyaka kowane malamin makaranta Mushe ne, amma ba a gadonsa, in ya bar aiki ya bar suna. A nan kuwa gida ɗaya ne, sai reshensa a Araba da wani a Gidan Katta. Su ma yaransu in sun shiga makaranta sunan garin, Illela, suke rubutawa.

"Ke nan a takarda ku kaɗai kunka riƙe shi, tobashi. Ku da ba ku san ma'anarsa ba."

Goggo ta ce, "Ya bar gari, amma ya tahi da sunan ubanmu ya sa wa ɗiyansa. Ashe bai yar da mu ba."

Da muka fito tsakar gida Nafisa ta juyo gare ni. Ta ce, "Baba, a bar shi. Amma duk wanda ya ja shi sai na gyara masa."

Litinin: Araba

Malam Shehu ya ɗauke ni a babur muka je Araba gaida 'ya'yan ƙanen Baba. Manoman albasa ne da gero. Suka yanka mana zabi, suka cika mana buhu da albasa har na rasa yadda zan yi da shi. Da muka dawo na tarar Goggo ta sa an fito da akwatinta, tana ninke zannuwa.

Na ce, "Goggo, ina zuwa?"

"Kano. Matar da ta yi jinyar ɗan'uwana, ta rufe mai ido, ta rene ka ita kaɗai, ba a aika mata gaisuwa da baki. Da ƙafata za ni."

Malam Shehu ya yi ta lallashi, yana cewa hanya da nisa, ga ciwon gwiwa. Ta ce gwiwar tata ce.

Komawa gida

Talata da sassafe direban nan da ya kawo mu ya zo har ƙofar gida, ya ba Goggo gidan gaba ita kaɗai. Muka kwana Sakkwato don ta huta, Laraba muka kamo hanya. Ba ta runtsa ba, kowane gari sai ta tambayi sunansa, ta ce, "Nan ma ya bi." Muka shiga Kano ana kiran magariba.

Umma na tsaye a tsakar gida da buta a hannu. Ban gaya mata a waya ba, don Goggo ta hana. Tsofaffin nan biyu suka tsaya suna kallon juna. Goggo ta saki sandarta, ta taka da kanta, ta kama hannun Umma.

Ta ce, "Ni ce Kulu. Ya haƙuri?"

Shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya yi wa Umma wannan gaisuwar daga dangin mijinta. Sai ta ajiye butar, ta ce, "Haƙuri sai ma'abocinsa, Yaya. Ku shigo, ɗakinku ne."

Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya. Ina gode wa abokina na Sakkwato da iyalinsa, da direban da ban ko tambayi sunansa ba, da Malam Shehu da mutanen Araba, da dattawan Illela da suka bar kasuwarsu suka zo suka zauna mini makokin ubana. Allah ya jiƙan Malam Ummaru da Mushe Alhassan da Bello. Goggo Kulu tana nan wurinmu har yanzu. Ta ce sai bayan salla za ta koma, ba ta dai faɗi wace sallar ba.