Sunan da Inna Abu Ba Ta Taɓa Faɗa Ba

Da damina a ɗakin Iya muke tatsuniya, domin tsakar gida caɓi ne. Iya kakata ce ta wajen uba, a ƙauyenmu da ke kusa da Paki. Da an idar da sallar isha'i sai ta hura wuta a tsakar ɗaki, ta jera ɗanyar masara a gefen garwashi, mu jikoki mu kewaye ta muna ture-turen wuri. Ni "uwar tambaya" take ce mini, wai ba ta taɓa kai tatsuniya ƙarshe ban tsayar da ita ina neman dalili ba. "Ke da uwarki," in ji ta, "ko kuka za ku yi sai kun nemi hujja." Ina ƙaunar waɗannan darare har yau. Sai dai wanda ya fi zama a raina ba na daɗi ba ne.

Innarmu tana da ƙawa, Inna Abu, katanga ce kawai tsakanin gidajenmu. Ɗanta na fari Shu'aibu sa'ana ne. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa. Kunya ce. Inna Abu kuwa ta riƙe wannan kunya da ƙarfi. "Wannan yaron" take ce masa, ko "kai". Ni ma 'yar fari ce, don haka abin bai taɓa ba ni mamaki ba.

Wata rana ta aiki Shu'aibu ya kai wa babansa abinci gona, a tsallaken rafi. A garinmu ko yayyafi ba a yi ba, ashe can saman rafin an tafka ruwa. Rafin ya kawo yana tsakiya. Washegari aka same shi a fadama cikin rake.

Aka yi jana'iza, aka yi zaman makoki, Inna Abu ba ta zubar da hawaye ko ɗigo ba. Mata suna yaba mata, wai ta yi kara, ta yi tawakkali. Amma ba ta ci, ba ta sha sai in an matsa mata da ruwa. Ga ta da goyon Ladidi, jaririyar da ba ta fara zama ba. Nono ya ɗauke. An gwada ba yarinyar madarar shanu, tana amayarwa. Kukanta ya koma siriri kamar na 'yar mage, kuma ruwa ya yanke hanyar mota, balle a ce za a kai su asibiti a Ikara.

Innarmu ta tare a gidan. Mace ce mai kai, kuma duk abin da ta faɗa gaskiya ne. Ina jin ta ta katanga.

"Abu, ki saurare ni. Ranar da safe ruwan ko gwiwa bai kai ba. Ni ma na aiki tawa ta tsallaka ta dawo. Ke kika yi ruwan sama? Wace uwa ce a garin nan ba ta aiken ɗanta gona?"

"Haka ne," in ji Inna Abu.

"To ki ci abinci mana. Wanda ya tafi ya tafi, wannan da ke hannunki fa?"

"Haka ne."

Kwanon tuwon ya dawo yadda aka kai shi. Innarmu ta shigo gida tana share ido da gefen zane, ta ce wa Iya ita kam dabararta ta ƙare.

A daren nan Iya ta ce a kawo mata Abu, ɗakinta ya fi ɗumi saboda jaririya. Innarmu ta riƙo ta har bakin wuta. Inna Abu ta zauna ta jingina da bango, Ladidi a cinyarta, idonta a kan garwashi. Mu yara muka zauna, ba mai ture wani. Na ɗauka ba za a yi tatsuniya ba. Sai Iya ta juya masara, ta ce, "Ku matso. Tawa ta yau gajeriya ce, kuma uwar tambaya ta riƙe bakinta."

Wai wata zabuwa ce ta ƙyanƙyashe 'ya'yanta a bakin rafi. Ran nan ta tura babban ya je ya duba mata inda tsaba ta zuba, ruwa ya zo ya tafi da shi. Zabuwa ta kwanta a sheƙa, ta ƙi kiwo. Ƙawarta macen kunkuru ta zo, ita kuwa duk dajin ba mai hankalinta. Ta ce, duk zabin duniya a bakin ruwa suke kiwo. Zabuwa ta ce gaskiyarki. Ta ce, ba ke kika tara hadari ba. Zabuwa ta ce gaskiyarki. Ta ce, da kin bi shi ma da ku biyun ruwa zai ci. Zabuwa ta ce gaskiyarki. Kullum kunkuru na kawo sabuwar gaskiya, kullum gashin zabuwa na zuba, sauran 'yan tsakin na kwance da yunwa.

Na saci kallon Innarmu. Ta sunkuyar da kai tana murza bakin zanenta. Ko ni na gane wa ake nufi, kuma ban taɓa jin Iya ta taɓa surukarta a gaban mutane ba.

Iya ta ce, "Kunkuru ba muguwa ba ce. Ƙauna ce ta hana ta yin shiru."

Sai bushiya ta zo wucewa. Ita ba ta san komai ba, ba a ma gayyatarta shawara. Ta raɓa ta kwanta kusa da sheƙar, ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, ni ban san shi ba. Shi babban naki, wanda ya fara fasa ƙwai, ya sunansa?

Nan Iya ta tsaya. Muka jira. Ta dafa goshi, ta ce, "Tsufa dai. Sunan ya ɓace mini. Wa zai tuna mini?"

Ƙanena ya buɗe baki zai ƙirƙiro wani suna, Iya ta ɗora masa hannu a ka, ya haɗiye. Ruwa na sauka a kan jinka. Masara ɗaya ta fara ƙonewa, ƙaurin ya cika ɗakin, ba wanda ya miƙa hannu ya juya ta. Ni dai ji nake kamar in tashi in gudu. Iya ba ta kalli Inna Abu ba ko sau ɗaya, wuta take kallo, kuma ta ƙi ci gaba.

"Shu'aibu."

Da ƙyar muka ji muryar Inna Abu. Ta sake faɗa, da ƙarfi wannan karon, kamar tana kiransa daga zaure. Sai kuka ya ɓalle mata, irin wanda ban taɓa jin babba ya yi ba. Innarmu ta zabura ta ɗauke Ladidi, ta fara, "Haƙuri Abu, ai ba ke..."

"Bar ta," in ji Iya.

"Ni na aike shi, Iya. Ya ce ƙaya ta soke shi a ƙafa, na ce ƙarya yake, ƙiwa ce. Ni na tura shi."

Na jira Iya ta ce a'a. Ba ta ce ba.

"Ke kika aike shi, 'yar nan," ta ce. Ta jawo kan Inna Abu ta ɗora a cinya. "Wace ƙafar ce?"

"Ta hagu."

"Me kika zuba masa ya kai?"

"Dambu. Ya ce in rage masa, na rage. Yana nan a rufe."

Haka suka yi ta yi, Iya na tambaya, ita tana ba da labarin ɗanta da sunansa, abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar da ta haife shi. Aka kore mu muka kwanta. Ba a ƙarasa tatsuniyar ba, ni kuma ban tambaya ba. Da safe na ga Inna Abu a bakin murhu tana kurɓar kunun kanwa, Innarmu na riƙe mata ƙwaryar. Kafin hanya ta buɗe, nono ya dawo.

Na girma, na yi aure a Makarfi, na zauna a gaban ƙawaye da yawa da duniya ta yi musu zafi. Halin uwata na ɗauko, hujjoji ne ke fara zuwa bakina, kuma duk na gaskiya. Na daɗe ina ɗauka darasin Iya shi ne mutum ya yi shiru kawai. Sai bara, da na je sunan jikar Ladidi a Hunkuyi, na tarar da Inna Abu ta tsufa tukuf, tana zaune a inuwa tana ɓarar gyaɗa. Na durƙusa muka gaisa, muka yi addu'a ga Iya da Innarmu. Na tambaye ta ko tana tuna tatsuniyar zabuwa.

Ta ce ita ba ta tuna wata zabuwa ba. Na ce, to yanzu dai ta yarda ba laifinta ba ne?

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. "Uwarki ba ta faɗi ƙarya ko ɗaya ba, Allah ya jiƙanta. Na san ajali ne. Amma kowa so yake ya karɓe mini laifin, ni kuwa a lokacin shi kaɗai ya rage mini na yaron. Ban kira sunansa ba, ban goya shi a gaban mutane ba. Aiken nan ne kawai zan ce ni na yi masa. Iya ce ta bar mini abina, shi ya sa na iya haɗiye kunu."