Ƙwan Kumandan

Jiya a gidanmu na Tabla ina tsoma ƙwan zabi cikin ƙwaryar ruwa kafin in ba baƙuwata tsaraba, sai ta tambaye ni dalili. Haka dai na taso na ga uwata na yi.

Sai na nufi ɗakin kakata, Inna Hajo.

"Inna, wai don mi muke gwada ƙwai da ruwa?"

Ta yi dariya. "Ke malamar makarantar lakkol guda ba ki sani ba? Lokacin da Nasara sunka zauna Filinge, dogaransu masu jar hula na bin ƙauyuka suna amsar ƙwai na kumandan, babban Nasaran. Can sai an tsoma su ruwa, wanda ya taso ya ɓaci ke nan. Wata rana guda ya taso, kuma na kakata ne. Anka ɗaure mijinta cikin rana tun hantsi har la'asar. Daga ran nan ta rantse ƙwai ba ya hita gidanga ba a gwada ba."

"Wace shekara ce, Inna?"

"Shekara kuma? Ni dai an ce mini da igiyar jakinshi anka ɗaure shi."

Kullum ina rubuta shekarun zuwan Nasara a allo, ashe hannuna ya riga kaina sanin labarin.

Ku fa, mi kuke yi a gidajenku wanda ba ku taɓa tambayar mafarinsa ba?